Kwamfutar Shafa a Shagon Kawu

Shagon buga takardu na Kawu yana bakin titin da ke gangarawa babbar kasuwar Garwa, tsakanin mai gyaran agogo da wata mata mai sayar da yadi. An rubuta masa suna da Faransanci a saman ƙofa, amma ban taɓa jin wanda ya kira shi da wannan sunan ba. Shagon Alhaji ake cewa, ko kuma wajen yarinyar nan mai buga takarda. Ni ce yarinyar, ko da yake a lokacin ina da 'ya'yana biyu. Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Da na gama koyon buga rubutu ya ɗauko ni ya zaunar gaban kwamfuta, shi kuma ya koma harkarsa ta goro, sai dai ya leƙo da yamma ya sha shayi.

Kwamfutar da na tarar tsohuwa ce, mai akwati a ƙarƙashin tebur da allo mai ƙatuwar ƙeya. In aka kunna ta sai ta yi ta gurnani kamar injin markaɗe kafin ta farka. Amma na san halinta, ta san nawa. Akwai wani ɗan maɓalli a kusurwar ƙasa ta hagu, in ka danna shi duk abin da ke cikinta zai jeru a gabanka. Na kuma shirya wa kaina hanyar buga haruffa masu lanƙwasa a kan madannai, domin a Garwa mai buga takarda ba zai rabu da su ba: in ba Hausa aka kawo maka ba, to Fillanci ne, kuma duka biyun sai da su.

Ga yadda aikinmu yake. Mutum zai zo da abin da yake so a buga, ya zauna a kujerar da ke gefena, ko ya tsaya a bayana yana numfashi a kan kafaɗata. Ina bugawa yana bi. In ya ga kuskure ba zai ce layi na sama ko na ƙasa ba, yatsa zai miƙa ya dangwala a kan allo, ya ce, “Nan, nan wurin.” Mutumin Garwa da yatsa yake karatu, mai digiri da mai allo duk ɗaya. Kullum da yamma sai na goge gilashin nan, na kankare man tsire da jan goro da gumin mutane. Tsohuwar kwamfutar ba ta taɓa damuwa ba. A taɓa ta, a dangwale ta, ko a jikinta.

Ana nan sai Yaya ya dawo daga Duwala. Shi ne babban ɗan Kawu, ya girme ni da kaɗan. Ya je wani kwas na kwamfuta, ya dawo da takardar shaida a cikin firam, da kwat da yake sawa a zafin Garwa, zafin da ko ƙadangare ke neman inuwa. 'Yan layinmu suka laƙaba masa Injiniya, da zolaya suka fara, shi kuma ya karɓa da gaske.

Ranar da ya fara shigowa shagon ya tsaya a kaina, hannu a aljihu, yana kallon yadda nake jan ɗan abin nan da muke ce wa suri, wato ɓeran kwamfuta.

“Ƙanwata, har yanzu da wannan kike aiki?”

“Da me kake so in yi, Yaya?”

“Duniya ta wuce nan. Yanzu taktil ake yi. Shafa allo kawai, kamar waya. Masu ƙera babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta sun sake ta gaba ɗaya saboda yatsa. Nan da ɗan lokaci ba za ki ga suri ko a gidan tarihi ba.”

Na ce masa waya a tafin hannu take, wannan kuwa a kan tebur take, kuma ni rubutu nake bugawa daga safe har la'asar. Ya yi min irin murmushin da ake yi wa wanda bai taɓa ganin teku ba.

Kawu mutum ne mai wayo a kasuwa, ba a sayar masa da ruɓaɓɓen goro. Amma a gaban ɗansa mai takardar firam sai wayon ya tafi hutu. Yaya ya yi ta zuba masa: shagon zai zama na farko a duk arewa, manyan ma'aikata za su riƙa layi, har daga Marwa za a zo kallo. Ba a daɗe ba sai ga kwali an sauke daga motar Duwala.

Ba zan ɓoye ba, kyakkyawa ce. Allo ne faffaɗa, siriri, ba akwati a ƙasa, komai yana cikinsa. Mai yadi da mai agogo suka shigo kallo, Kawu ya yi bismilla, Yaya ya kunna. Maimakon filin da na saba gani da 'yan gumakana a jere, sai ga wasu manyan faci masu launi, ja da shuɗi da kore, kamar an shimfiɗa atamfofi a rumfa. Wasu har juyawa suke yi da kansu. Ɗaya yana nuna yanayin wani gari mai ƙanƙara, ɗaya yana nuna farashin hannun jari, wani kuma hoton wata mata tana dariya da kwanon ganye a hannu. Yaya ya sa yatsa ya share, facin suka gudu hagu. Ya sake sharewa, suka dawo. Mai yadi ta tafa hannu. Kawu ya gyara zaman hularsa.

Na ce, “To ina wurin da zan yi rubutu?”

Ya shafa nan, ya shafa can. Ya samo shi daga baya, a bayan wani faci. Na duba kusurwar ƙasa ta hagu, maɓallina babu shi. Sun cire. Abin da kowa ya sani, wanda ko mai koyo a ranarsa ta farko ake nuna masa, shi suka ga ya dace su kawar, don allo ya yi kyau a talla.

Da magariba ta gabato aka zo kashewa. Yaya ya shafa sama, ya shafa ƙasa, ya buɗe hotuna, ya buɗe taswira, ya buɗe wani wasan kati. Wurin kashewa ya ɓata. Ladan ya kira salla, Kawu yana tsaye da buta a hannu. Daga ƙarshe Injiniya ya sunkuya ya zare wayar wuta daga bango, ya ce ai irin waɗannan na zamani ba su damu ba. Sai bayan kwanaki muka gano cewa sai ka shafo gefen dama daga waje zuwa ciki, wani ɓoyayyen shafi ya leƙo, ka shiga nan, ka sake shiga can, sannan a ba ka izinin kashe abinka. Wanda ya tsara wannan, ina so in ga inda yake ajiye makullin ɗakinsa.

Da na fara aiki da ita sai na fahimci matsalarta. Fuska biyu gare ta. Akwai sabuwar, mai manyan faci, wadda aka yi wa yatsa. A bayanta kuma tsohuwar tana nan, da ƙananan rubutunta da 'yan mitsi-mitsin maɓallanta waɗanda ba yatsan da zai same su sai tsinin suri. Ba su haɗa su ba, jingina ɗaya suka yi a kan ɗaya, kamar wanda ya ɗora kwat a kan babbar riga. Kana cikin aiki a tsohuwar, ka buɗe hoto, sai ta wurga ka sabuwar, hoton ya cinye allo duka, babu alamar rufewa. Wurin gyare-gyare ma biyu ne. Abin da kake nema in ka shiga na farko yana na biyu, in ka shiga na biyu an mayar da shi na farko.

Yaya ya so in daina taɓa madannai ma. Wai akwai na cikin allo. Da ka dangwali wurin rubutu sai su taso daga ƙasa su rufe rabin takardar, daidai rabin da kake son gani. Na gwada don kada a ce na ƙi. Hannu a miƙe a iska kamar mai shafa fenti, kafin in gama shafi guda kafaɗata ta ɗauki zafi. Na nemi haruffanmu masu lanƙwasa, babu ko ɗaya. Akwai fuskokin dariya iri-iri, akwai zuciya, akwai tauraro, amma harafin da zan rubuta ƙasa ko ɗa ko ɓera da shi ba su san da zamansa ba. Na jawo madannaina da surina na jona. Yaya ya ce ina mayar da jirgin sama amalanke.

Duk wannan mai sauƙi ne. Babbar fitinar ita ce allon ba ya bambance wanda ya taɓa shi. Irin wanda ke gane taɓawa da wasu ƙananan idanu a gefen gilashi ne, saboda haka duk abin da ya kusance shi umarni ne. Lokacin mangwaro ya zo, ƙudaje suka cika gari. Ƙuda zai sauka a kan allo, sai ka ga shafi ya rufe. Ya taka zuwa gefe, wani ya buɗe. Na taɓa zama ina kallon ƙuda guda yana yawo cikin hotunan auren wani malamin makaranta, yana buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Gefen mayafina ma in na sunkuya sai ya aika wani abu wani wuri.

Sai kuma masu kawo aiki. Wani dillalin shanu daga Meiganga ya zo a buga masa takardar neman izini. Ina bugawa ya miƙa yatsa, “Nan, sunan garin ba haka ba ne.” Yana dangwalawa madannan cikin allo suka taso suka rufe wurin. Ya ja yatsa don ya nuna min ƙasa, takardar ta zuƙe ta koma 'yar mitsitsiya kamar kan sarki. Ya ja da baya, ya ce da Fillanci ko shi ne ya ɓata. Na ce ba shi ba ne. Haka aka yi ta yi kullum. Na riƙa ce wa mutane kada su taɓa, su ce to, kafin in ɗauke ido yatsa ya kai. Ba ka raba mutum da abin da ya saba tun yana karatun allo da magana ɗaya. Na samo karan dawa na ajiye don nuni, ashe idanun gefen nan ba ruwansu, kara ma yatsa ne a wurinsu.

Na kai ƙara wajen Yaya. Ya ce, “Matsalar ba ta na'ura ba ce. Sai an wayar da kan jama'a.” Wato a sake wa duk mutanen Garwa hali don su dace da abin da aka saya musu.

Cikin masu zuwa wurina akwai wani Malam, dattijo, mai karantar da manya a zaurensa a unguwar Lopere. 'Yan kasuwa da yawa ɗalibansa ne. Ya daɗe yana rubuta wani ɗan littafi da Hausa a kan ladubban saye da sayarwa, yana so ya raba shi a watan azumi bayan tafsiri. Da ajami yake rubutawa, ya zo ya karanta min, ni kuma in buga da boko. Tun zamanin tsohuwar kwamfuta muka fara. Mutum ne mai taushin murya, ba ya gaggawa, in ya shigo sai ya tambayi lafiyar yarana ɗaya-ɗaya. 'Yata yake ce min. Idonsa ya yi rauni, don haka sai ya matso da fuska dab da allo, yana bin layi da yatsa, hannun babbar rigarsa yana reto.

Da sabuwar ta zo na roƙe shi ya riƙa naɗe hannun riga. Ya yi dariya, ya ce, “'Yata, yanzu har na'ura ma sai an yi mata ladabi?” Ya naɗe. Amma in karatu ya yi daɗi sai ya manta.

A littafin akwai babi mai jeri biyu a shafi ɗaya. A sama, abubuwan da ake so ɗan kasuwa ya yi. A ƙasa, abubuwan da aka hana shi. Mun gama komai, Malam ya karanta daga farko har ƙarshe ya ce ya yi. Saura kawai wani layi a jerin sama da ya ce in ƙara masa kauri don ya fito sosai, layin da ke cewa a yi wa mai saye rangwame a kuma ƙara masa gyara a kan mudu. Na zaɓi layin ya yi shuɗi, na kaurara shi. Daidai nan mai yadi ta leƙo ta ce in zo in ga wani leshi kafin a saye. Na ce wa Malam ina zuwa. Na bar shi gaban allo yana bin shafin da yatsa daga sama zuwa ƙasa, kamar yadda ya saba. Da na dawo layin yana nan da shuɗinsa da kaurinsa, Malam ya ce madalla, na adana, na buga, aka yi kwafi masu yawa aka ɗinke.

Azumi ya yi nisa sai ga wani ɗan kasuwa daga garin Kusiri ya faɗo shagon, irin waɗanda ke haɗa Hausa da Larabcin Cadi a jimla ɗaya. Yana riƙe da littafin, yana dariya har da riƙe ciki.

“Hajiya, ƙaro min wannan da yawa, zan kai Kusiri. Wallahi malamin nan ya san darajar ɗan kasuwa.”

Na ce me ya faru. Ya buɗe shafin ya ajiye min a kan tebur. A ƙarƙashin abubuwan da aka hana, ga su a jere: tauye mudu, ɓoye aibin kaya, rantsuwa a kan ƙarya. Sai na ƙarshe, da baƙin rubutu mai kauri wanda ko makaho zai lalubo: yi wa mai saye rangwame da ƙara masa gyara. Yatsan Malam ya ɗauko layin daga sama ya sauke shi a ƙasa, allon kuma ya yi masa biyayya ba tare da ya tambayi kowa ba.

Kafin la'asar maganar ta zaga kasuwa. Mace za ta ce a rage mata, mai tumatir ya ɗaga hannu ya ce, “Ni ba ruwana, Malam ya hana.” Kowa ya san kuskure ne, shi ya sa ma abin ya yi musu daɗi. Sai dai Malam bai ga abin dariya ba. Mutumin da ya yi shekaru yana auna kowace kalma kafin ya furta ta, yau an buga da sunansa cewa alheri haramun ne.

Washegari ya zo da littafin a hannu. Bai tambayi yarana ba. Na aika aka kira Kawu, Yaya ma ya biyo shi. Na yi bayanin yadda abin ya faru, na nuna musu a allon, na ja wani layi da yatsa suka ga ya bi ni. Kawu ya rasa inda zai sa fuskarsa, ya shiga ba da haƙuri. Da Yaya ya yi shiru da an wuce wurin. Amma Injiniya ba ya barin na'ura ta sha kunya.

“Gafarta Malam, ai na'urar ta yi daidai. Abin da aka umarce ta ta yi. Kuskuren mai amfani ne. Mutanenmu ne ba su waye da taktil ba tukuna.”

Malam ya dube shi, ya ce a hankali, “To, ɗana, na ji. Ni ne ban waye ba.” Ya naɗe littafinsa ya sa a aljihu, ya yi sallama ya fita.

Ban taɓa ganin Kawu ya yi fushi irin na ranar ba. Bai ɗaga murya ba saboda azumi, amma ya juya kan Yaya.

“Kai, malamin da ya karantar da ni kake gaya wa haka? A shagona?”

“Baba, ni fa bayani kawai…”

“Rufe min baki. Abin nan, a hana shi jin taɓawa. Yau.”

Yaya ya ce ai shi ne duk amfaninta. Kawu ya ce yau. Yaya ya cire kwat, karo na farko da na ga ya yi haka, ya zauna. Ya shiga wurin gyare-gyare na farko, babu. Ya shiga na biyu, babu. Masu ƙera ta ba su taɓa tunanin wani zai so ta daina ba, don haka ba su sa maɓallin hakan a fili ba. Sai da ya buga wa wani abokinsa waya a Duwala, aka bi da shi ta wani lungu a can cikin tsohuwar fuskar, inda rubutun ya yi ƙanƙanta har sai da ya ari surina. Ya danna. Na sa yatsa a allo, shiru. Na dangwala da ƙarfi, shiru. Wallahi sai na ji kamar an sauke min tulu daga ka.

Kawu ya ce, “To yanzu mene ne bambancinta da waccan da muka fitar?”

Yaya ya ce, “Wannan ta fi siranta, Baba.”

Malam ya tashi a gaban jama'a bayan tafsiri ya gyara maganar da bakinsa, ya ce duk mai kwafi ya dawo da shi. Wasu sun dawo da shi, wasu sun ɓoye nasu don tsokana. Na sake buga littafin daidai, Kawu ya ɗauki nauyin kwafin, bayan salla ni da shi muka kai har gida. Malam ya karɓe mu da kyau, uwargidansa ta kawo mana fura. Ya tambayi yarana. Na ce masa an kashe abin, yanzu ko da tafin hannu ya mari allon ba abin da zai motsa.

Ya ce, “Na yarda, 'yata. Amma ni na gama zama gaban gilashi. In kin buga, ki aiko min a takarda in bi da alƙalami.”

Haka muka koma yi. Ya riƙa aiko da rubutu, ina aika masa da bugu, yana mayarwa da gyara. Aikin yana tafiya, amma zaman nan da muke yi, yana karantawa ina bugawa, yana tsayawa ya ba ni labarin inda ya samo wata mas'ala, wannan ya ƙare. Shi ne abin da na fi jin haushi a duk lamarin, kuma ba wanda zan kai wa ƙara.

Masu manhajar kuwa, ashe ba mu kaɗai muka yi kuka ba. Bayan wani lokaci aka aiko da sabuntawa, ta cinye mana intanet na kwana da kwanaki. Da ta gama sai ga maɓallin kusurwa ya dawo. Na yi murna na danna, sai ya kai ni wajen atamfofin nan dai. Hoton maɓalli suka dawo da shi, ba aikinsa ba. Yaya ya ce wannan hikima ce. Aka sake wata sabuntawar, jerin ya dawo na gaske, amma an liƙa masa facin a gefe don kada a ce sun janye. Yaya ya ce ai dama can nan aka nufa. Daga baya aka share facin gaba ɗaya, aka kwaso gumakan aka jera a tsakiya, aka buɗa tsakaninsu wai don yatsa ya samu wuri, ni mai suri sai in yi ta tafiya mai nisa tsakanin abu da abu. Yaya ya ce tsafta ke nan. Da suka cire ya yaba, da suka mayar ya yaba. Ban taɓa jin sun yi abin da bai ce shi ne gaba ba.

Yanzu Yaya yana aiki da wani shiri da ke zagaya makarantu, yau yana Poli gobe yana Tinyer, yana koya wa malamai zamani. Ni kuma ina nan a shagon, sai dai Kawu ya tsufa ya bar min shi. Kwanan baya Yaya ya biyo da wata sabuwar kwamfuta a jaka, ƙarama, mai naɗewa. Ya buɗe ta a kan teburina, ya lanƙwasa ta baya ta zama kamar faranti. Wani ɗan saƙo ya fito yana tambaya ko yana so ta koma yanayin shafa. Ya ce e. Ya ɗan karkata ta don in gani, ta sake tambaya ko yana so ta koma yanayin tebur. Ya ce a'a. Ya ajiye ta, ta sake tambaya.

Na ce, “Yaya, ita ma ba ta san ko mece ce ita ba?”

“Ke dai ba kya son ci gaba. Ai shafar ma ta kusa zama tsohon yayi. Yanzu magana ake yi musu. Tsaya ki gani.”

Ya gyara murya, ya matso da baki, ya ce mata da Faransanci ta buɗe wurin rubutu. Ta yi ɗan tunani, ta nuna masa jerin gidajen abinci. Ya maimaita da ƙarfi, yana rarrabe kalmomin. Babur ya wuce a titi, mai agogo yana ciniki da wani, ta ce ba ta ji ba. Na ce ya gwada da Hausa ko Fillanci mana. Ya harare ni, ya ce ba a sa su ba tukuna, amma suna hanya.

Akwai wata mata zaune tun ɗazu da takardar makarantar ɗanta a hannu, tana jira. Na ce masa ya matsa da abinsa can gefe, in ya shawo kanta ya kira ni. Ya koma bakin ƙofa yana ta yi mata magana, ni kuma na ce wa matar ta matso da kujera.